RUBUTACCEN SHIRI: Sansanin Taurarin Da Ya Kewaye Birninmu, Da Labarin Biranen Da Ya Haɗiye

 

Yau sama za mu yi, kuma za mu yi nisa sosai, don haka kowa ya gyara zama. Maganar da na zo da ita ita ce: wannan babban birni na taurari da ranarmu take ciki, wanda Turawa ke kira Milky Way, haɗiye ƙananan birane ya yi ta yi har ya kai girman da yake a yau. Kuma shaidar hakan tana nan a bayan gari, a wani yanki mai dishi-dishi da ido ba ya gani. Wannan yankin shi ne batunmu.

Bari mu fara da siffar birnin. Ku ɗauki faifai, irin na rufe ƙwarya, mai ɗan tudu a tsakiya. Kusan haka birninmu yake. Faɗinsa ya kai kimanin shekarun haske 100,000. Shekarar haske kuwa awon nisa ce, wato tafiyar da haske zai yi cikin shekara guda yana gudun kilomita 300,000 a kowace daƙiƙa, abin da ya kai kusan kilomita tiriliyan 9 da rabi. A cikin faifan nan akwai taurari tsakanin biliyan 100 zuwa biliyan 400. Ranarmu ɗaya ce daga cikinsu, tana nesa da tsakiya da kimanin shekarun haske 26,000, kuma tana zagaye ɗaya cikin shekara kusan miliyan 230. Wannan farin layi mai kama da hayaƙi da kuke gani ya ratsa sama idan dare ya yi duhu, faifan ne muke kallo daga ciki.

To, a sama da faifan, da ƙasansa, da duk kewayensa, akwai wasu taurari a warwatse. Masana na kiransu stellar halo. Da na zauna neman sunan da zan ba shi da Hausa, sai na tuna idan wata ya yi da'irar haske a kewayensa akan ce wata ya yi sansani. Kuma sansani, kun sani, a bayan ganuwa ake kafa shi. Don haka a shirin nan zan riƙa cewa sansanin taurari.

Sansanin nan yana da faɗi na ban mamaki, amma mutanensa kaɗan ne. Idan ka haɗa taurarin birnin gaba ɗaya, kashi 1 cikin 100 ne kawai suke can. Faɗin kuwa, a farkon shekarar 2023 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz suka sanar cewa sun gano taurari sama da 200 na wani jinsi da ake kira RR Lyrae a can ƙurya, mafi nisansu ya haura shekarun haske miliyan 1. Birnin Andromeda, babban maƙwabcinmu, yana nisan miliyan 2 da rabi. Kun ga kenan bayan garinmu ya kusa kai rabin hanya zuwa gidan maƙwabci.

Wani zai ce, to Malam, kashi 1 cikin 100 me za a tsinta a ciki? Dalili biyu ne suka sa masana suka nace masa.

Na farko, taurarin can tsofaffi ne. Ta yaya aka sani? A farkon duniyar taurari, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce, kusan babu komai sai iskar haidurojin da hiliyam. Sauran sinadarai, irin su ƙarfe da magniziyam da iskar da muke shaƙa, a cikin taurari aka dafa su, sannan suka bazu lokacin da taurarin suka mutu. Saboda haka tauraron da aka haifa daga baya yana da ƙarfe da yawa, wanda aka haifa da wuri kuma yana da kaɗan. Idan aka tsaga hasken tauraro zuwa launukansa, kowane sinadari yana barin layinsa, sai a karanta. Ranarmu, mai shekara biliyan 4.6, yarinya ce a wannan lissafin. Yawancin taurarin sansani ƙarfensu bai wuce kashi 1 cikin 10 zuwa kashi 1 cikin 100 na abin da rana take da shi ba. A 2014 masana a Ostireliya sun gano wani wanda ƙarfensa bai kai kashi 1 cikin miliyan 10 na na rana ba. Irin wannan tauraro ya ga jiya ya ga yau.

Dalili na biyu shi ne, a can waje ba a saurin mantuwa. A cikin faifai cunkoso ne, ga iska, ga ƙura, ga sababbin taurari, komai ya dame kamar fura da nono. A sansani kuwa fili ne fetal. Tauraro zai iya shafe ɗaruruwan miliyoyin shekaru kafin ya gama zagaye ɗaya, kuma da wuya ya haɗu da wani a hanya. Don haka taurarin da suka shigo tare, ko sun rabu a wuri, salon tafiyarsu yana nan iri ɗaya. Kamar baƙi ne da suka daɗe a gari suka bazu a unguwanni, amma mai lura zai gane su ta tsagar fuska da karin harshe. A wajen taurari, sinadarai su ne tsagar, tafiya ita ce karin harshen.

Yanzu bari mu ɗan bi tarihi, domin ba dare ɗaya aka gano wannan ba.

A 1918 wani Ba'amurke mai suna Harlow Shapley ya auna nisan wasu dunƙulallun taurari da ke cikin sansanin. Kowane dunƙule ƙwallo ne na dubban ɗaruruwan taurari, kuma birninmu yana da sama da 150 irinsu. Sai ya ga sun fi yawa ta ɓangare guda na sama. Daga nan ya fahimci cewa suna kewaye ne da tsakiyar birnin, mu kuma muna gefe. Wato sansanin nan ne ya fara nuna mana cewa ba mu ne a tsakiya ba.

A 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, an rage fitilun birnin Los Angeles saboda tsoron hari. Wani Bajamushe mazaunin Amurka, Walter Baade, ya samu sama ta yi duhu sosai a kan dutsen Wilson, ga babban madubin hangen nesa a hannunsa. Da shi ya rarrabe taurari gida biyu: matasa masu zama cikin faifai, da tsofaffi masu zama a tsakiya da cikin sansani.

Daga nan sai gardama ta tashi a kan asalin tsofaffin. A 1962 masana uku, Eggen da Lynden-Bell da Sandage, suka ce ai gajimare guda ne na iska ya rufta cikin kansa da sauri, taurarin farko suka rage a waje, sauran iskar ta kwanta ta zama faifai. A 1978 wasu biyu, Searle da Zinn, suka duba dunƙulallun taurarin nan suka ce a'a, alamu sun nuna guntu-guntu aka tattaro su, cikin dogon lokaci. Ra'ayi biyu kenan, kowa da hujjarsa, aka shafe shekaru ana ja.

Sai a 1994 aka kama ɓarawo da kaya a hannu. Rodrigo Ibata da Gerry Gilmore da Mike Irwin suna auna gudun taurari ta wajen tsakiyar birninmu, sai suka ga wani gungu yana tafiya daban da sauran. Ashe wani ƙaramin birni ne a can bayan tsakiya, wanda aka sa wa suna Sagittarius, kuma birninmu yana cikin yayyaga shi. Yadda abin ke faruwa shi ne, ƙarfin janyowa na babban birni ya fi jan gefen da ke kusa fiye da gefen da ke nesa, sai ƙaramin ya miƙe, taurarinsa su riƙa zuba gaba da baya a kan hanyarsa, kamar buhun gero da ya huje a bayan jaki. Daga baya aka ga wannan layi na taurari ya naɗe birninmu gaba ɗaya.

A 1999 wata matashiyar mai bincike 'yar ƙasar Ajantina, Amina Helmi, ta gano wasu taurari a nan kusa da rana da ke tafiya iri ɗaya, ragowar wani birni da aka haɗiye tun tuni. Ku riƙe sunanta, za ta dawo. A 2006 kuma Vasily Belokurov da abokan aikinsa a Kambirij suka fitar da taswirar wani yanki na sama, aka ga layukan taurari suna gittayya da juna.

Amma abin da ya buɗe aikin sosai shi ne kumbon Gaia na Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai. An harba shi ranar 19 ga Disamba, 2013, ya je ya zauna a nisan kilomita miliyan 1 da rabi daga duniya. Aikinsa auna matsayin taurari. Ku miƙa yatsa a gabanku, ku rufe ido ɗaya, sannan ku sauya ido. Kun ga yatsan ya yi kamar ya matsa ko? To haka tauraro yake ɗan matsawa idan aka kalle shi daga wannan gefen zagayen rana, sannan bayan wata shida aka kalle shi daga wancan gefen. Daga girman matsawar ake lissafa nisansa. Ga taurari masu haske, ƙwarewar Gaia ta kai kamar a auna kaurin gashin kai daga nisan kilomita 1,000. Ranar 25 ga Afrilu, 2018, aka saki bayanan nisa da tafiyar taurari biliyan 1.3, kyauta, ga duk mai intanet.

A shekarar nan ta 2018 rukuni biyu suka ci karo da abu ɗaya. Su Belokurov suka zana gudun taurarin sansani, suka ga da yawansu ba sa zagaye irin na rana. Suna faɗawa ne kusan kai tsaye zuwa tsakiyar birni, su wuce, su fita nesa, su sake dawowa. A kan takarda zanen ya fito dogo kamar naɗin naman nan na Turawa, sosej, sai suka yi masa laƙabi da haka. Ita kuma Amina Helmi, a lokacin tana farfesa a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, ita da abokan aikinta suka haɗa tafiyar da sinadarai. Suka ga tsagar taurarin nan daban take da ta 'yan gida, irin ta ƙaramin birni ce wanda ya haifi taurarinsa a hankali. Suka sa masa suna Gaia-Enceladus, sunan wani ƙato a tatsuniyar Girkawa da aka binne ƙarƙashin dutse.

Ga abin da suka karanto. Kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce, tun ba a yi rana ba balle duniya, wani birni da nauyinsa ya kai wajen kwata na birninmu na wancan lokacin ya faɗo mana. Ya tarwatse gaba ɗaya. Taurarinsa su ne kaso mafi girma na sansanin da ke kusa da mu. Karon kuma ya girgiza faifan da ke akwai a lokacin, ya watsa wasu 'yan gida sama da ƙasa. To kun ga gardamar 1962 da 1978 ta samu alƙali: mafi yawan sansani baƙi ne, amma akwai 'yan gida a ciki waɗanda rigima ta fitar.

Yanzu mun zo inda na fi so mu tsaya. Shekara da shekaru, idan aka zana sansanin nan a littafi, ƙwallo ake zanawa, kewayayye sumul. A ƙarshen 2022 wani ɗalibin digiri na uku a Harvard, Jiwon Jesse Han, tare da malaminsa Charlie Conroy da wasu, suka haɗa bayanan Gaia da na wani madubi da ke jihar Arizona. Suka zaɓo taurari sama da 5,000 waɗanda tsagarsu ta nuna 'yan Gaia-Enceladus ne, suka zana inda kowanne yake. Abin da ya fito yana kama da gwanda ko ƙwallon zari-ruga: dogo ta gefe ɗaya, awonsa ta fuskoki uku kamar 10 da 8 da 7. Sannan a karkace yake, ya kauce wa shimfiɗar faifai da kimanin digiri 25.

Sun kuma ga taurarin sun yi cincirindo a wurare biyu, ɗaya a nisan kimanin shekarun haske 40,000 daga tsakiya, ɗaya a wajen 90,000. Ku tuna yaro a kan lilo. A ina yake ɗan tsayawa? A can ƙarshe, kafin ya juyo. Haka tauraro yake rage gudu a mafi nisan zagayensa, shi ya sa ake samun taro a wurin. Wuraren nan biyu ana fassara su a matsayin inda baƙon birnin ya juyo a lokacin da yake mutuwa.

Me ya sa karkacewar ta dame su? A nan ne babbar magana take. Idan ka haɗa nauyin duk taurari da iskar da ke birninmu, bai isa ya riƙe taurarin gefe ba a irin gudun da suke yi. Da tuni sun fice. Ayyukan su Vera Rubin a shekarun 1970 suna cikin waɗanda suka tabbatar da wannan a birane da dama. Dole akwai wani nauyi da ba ya haske, wanda Turawa ke kira dark matter, ni kuma zan ce ɓoyayyen abu. Nauyin birninmu gaba ɗaya ya kai kimanin na rana tiriliyan 1, kuma mafi yawansa wannan ɓoyayyen abu ne. Har yau babu wanda ya kama ko ƙwayarsa ɗaya. Hanyar saninsa ita ce a kalli yadda yake jan abin da ake gani, kamar yadda ake gane iska ta motsin ganye. Taurarin sansani su ne ganyen.

To su Han suka ce: in da ɓoyayyen abin nan ƙwallo ne sumul, da cikin biliyoyin shekarun nan jan faifai ya goge karkacewar. Tunda har yanzu tana nan, alama ce shi ma ɓoyayyen abin a karkace yake, shi ke riƙe da ita. A 2023 suka ƙara nuna cewa wannan zai iya bayyana wani tsohon abin mamaki: faifan birninmu a lanƙwashe yake a baki-baki, gefe ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya sauka, kamar malafar da ta sha ruwa.

Kuma abin ya shafi aikin da ake yi a nan duniya. Akwai manyan na'urori da aka binne a ƙarƙashin ƙasa don kama ƙwayar ɓoyayyen abu: ɗaya a tsohon ramin zinariya a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, ɗaya ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, ɗaya a Jinping a ƙasar Sin. Lissafinsu ya dogara ne a kan yawan abin da ke ratsa mu, da gudunsa, da inda yake fitowa. Idan siffar ta sauya, dole a sake duba lissafin.

Kada ku ɗauka an rufe littafi fa. A 2024 Thomas Donlon da Heidi Newberg da abokan aikinsu suka fito da wata hujja. Suka ce idan aka haɗiye birni, taurarinsa suna barin wasu tamoji-tamoji a taswirar tafiya, kuma tamojin suna gogewa da daɗewa. Da suka ƙirga waɗanda Gaia ya nuna, sai suka ga sun yi yawa a ce karon ya kai shekara biliyan 10. A lissafinsu babban karo na ƙarshe bai wuce shekara biliyan 3 ba. Idan haka ne, ya faru ne duniyarmu tana nan. Masana da yawa suna nan a kan tsohon lissafi, kuma suna da hujjar shekarun taurarin kansu. Ana nan ana fafatawa, kuma abin da zai raba gardamar shi ne ƙarin awo. An kashe kumbon Gaia a watan Maris na 2025 bayan iskar da yake juyawa da ita ta kusa ƙarewa, amma akwai tarin bayanansa da ba a gama fitarwa ba. Sannan sabuwar cibiyar kallon sama mai sunan Vera Rubin a ƙasar Chile ta fitar da hotunanta na farko a watan Yuni na 2025, kuma neman layukan taurari masu dishi-dishi yana cikin ayyukanta.

Haɗiyar ma ba ta ƙare ba. Sagittarius yana kan yayyagewa. Akwai kuma Babban Gajimaren Magellan, wani birni a nisan kimanin shekarun haske 160,000, wanda ke ratsa sansaninmu a yanzu. A 2021 su Conroy suka nuna sawun da ya bari a bayansa, taurari sun taru kamar yadda ruwa ke tashi a bayan kwalekwale. Lissafi ya nuna shi ma a ƙarshe cikinmu zai faɗo, nan da biliyoyin shekaru.

Kafin mu rufe, ga wani abu da za ku iya gani da idonku, kuma a nan mun fi Turawan arewa sa'a. Akwai dunƙulen taurari mafi girma a sansaninmu, Omega Centauri, mai taurari kimanin miliyan 10, a nisan shekarun haske wajen 17,000. Mutumin Landan ba ya ganinsa ko kaɗan, domin ba ya fitowa a samansu. Daga Kano ko Zindar ko Yamai kuwa yana tashi har kusan digiri 30 ta kudu. A watan Mayu, wajen ƙarfe 9 zuwa 10 na dare, ranar da babu farin wata kuma babu hazo, ku fita inda babu fitilu ku fuskanci kudu. Manhajar taswirar taurari ta waya za ta nuna muku wurin. Za ku ga kamar tauraro wanda ya ɗan dushe, kamar an shafa shi da yatsa. Mutanen da ma tauraro ɗaya suka ɗauke shi, sai a 1677 Edmond Halley ya lura ba haka ba ne. Taurarin cikinsa ba sa'o'in juna ba ne, sinadaransu ma sun bambanta, shi ya sa masana da dama suke ganin zuciyar wani ƙaramin birni ne da aka cinye namansa aka bar ƙashi. Hasken da zai shiga idonku a daren ya baro can tun kafin ɗan Adam ya fara noma.

A nan za mu dasa aya. Wanda ya samu ganinsa ya faɗa mana garin da ya kalla da kuma lokacin, wanda ke da tambaya ya aiko, za mu ɗauko wasu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.